Kitsen da Ya Daskare a Jijiyar Jini Yana Narkewa? Jagorar Kula da Zuciya Mataki-Mataki

Ranar da kawuna ya dawo daga asibiti da takardar gwajin jini, kafin ya gama shan ruwa har maƙwabta sun rubuta masa magani. Ɗaya ya ce a haɗa tafarnuwa da citta da lemon tsami da khal da zuma, a dafa a tukunya ɗaya, a riƙa shan cokali guda kafin karin kumallo. Wai kwana arba'in jijiya ta koma fes kamar ta jariri. Wani kuma ya turo masa bidiyo a WhatsApp: bututun ruwa ya toshe, aka ɗura masa wani abu, datti ya yi ta fita. Kawu ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini nan. Wannan zan sha ko ƙwayar likita?"

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan bidiyon na masu gyaran famfo ne."

Ya yi dariya, amma tambayarsa tana nan, kuma ta cancanci amsa mai tsawo.

Abin da ke faruwa a cikin jijiya

Kitsen nan ba a hanyar da jini ke gudu yake kwanciya ba, kamar yadda laka ke cika kwata. Cikin naman bangon jijiyar yake shiga. Kowace jijiya tana da wata siririyar shimfiɗa mai santsi daga ciki. Hawan jini da hayaƙin taba da yawan suga suna ƙuje ta a hankali, sai kolestarol nau'in da ake kira LDL ya samu kafa ya kutsa ƙarƙashinta ya maƙale. Ƙwayoyin garkuwar jiki su biyo shi su haɗiye, su yi ta ci har su kumbura su mutu a wurin. Shekara da shekaru wurin ya zama kamar maruru: ruɓaɓɓen kitse a ciki, fatar tabo a samansa, wani sashen ma ya yi tauri kamar ƙashi saboda sinadarin kalsiyam. To, abin da ke binne cikin bango, wane ruwa za ka sha ya wanke shi?

Girman marurun yana ƙuntata hanya, shi ya sa wani in ya hau bene sai ƙirji ya riƙe shi. Amma abin da ya fi kisa fashewarsa ne. In fatar saman ta yi siriri ta tsage, jini ya daskare a wurin cikin mintuna, hanya ta rufe ruf. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa ma wurin da ke fashewa bai kai ya toshe rabin hanyar ba, mai shi yana yawonsa garau har ranar.

Kuma abin da wuri yake farawa. A 1953 likitocin sojan Amurka sun duba zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 22 ne, suka tarar kusan kashi 77 cikin 100 sun riga sun fara tara kitsen.

To, yana narkewa?

Yana raguwa, amma kaɗan. A 2006 Dakta Steven Nissen na asibitin Cleveland a Amurka ya fitar da sakamakon binciken ASTEROID. An bai wa majinyata ƙwayar rage kolestarol mai suna rosuvastatin miligiram 40 kullum har shekara biyu, aka zura wata 'yar na'ura cikin jijiyar zuciya aka auna bangonta kafin magani da bayansa. LDL ɗinsu, a ma'aunin gwajin jini na mg/dL, ya sauko daga kusan 130 zuwa kusan 61, jimillar kitsen kuma ta ragu da kusan kashi 7 cikin 100. A 2016 binciken GLAGOV ya ƙara allurar evolocumab a kan irin wannan ƙwayar, LDL ya faɗi zuwa kusan 37, kuma kitsen ya ragu a jikin mutum 64 cikin kowane 100.

Tun kafin su, a 1990, Dakta Dean Ornish ya gwada sauya rayuwa zalla: abinci na ganye da hatsi mai ƙarancin mai sosai, barin taba, motsa jiki, da zaman kwantar da hankali. Bayan shekara guda ƙuncin jijiyoyin waɗanda suka bi tsarin ya sauko daga kashi 40 zuwa 37.8, na waɗanda ba su bi ba ya hau daga 42.7 zuwa 46.1. Mutum 48 kacal aka yi binciken da su, tsarin kuma yana da tsanani.

Mai karatu zai ce, duk wannan wahala don kashi biyu ko bakwai? Ribar tana wani wurin. Idan LDL ya sauka, ruwan kitsen da ke cikin marurun yana tsotsewa, kumburi ya lafa, fatar saman ta yi kauri, sai ya zama tabon da ba ya fashewa. Da aka tattara manyan binciken da aka yi a kan mutane sama da dubu ɗari, an ga duk saukar LDL da mmol/L 1, wato kusan mg/dL 39, yana rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 22 cikin 100. Sashen da ya riga ya yi tauri kamar ƙashi ba ya tafiya. Duk wanda ya ce maka zai mayar da jijiyar ɗan shekara sittin ta jariri, kuɗinka yake so.

Mataki na farko: ka san lambobinka

Kitsen jijiya ba ya ciwo sai ya yi nisa, don haka jin garau ba hujja ba ne. Siririn mutum ma yana tara shi. Ka je asibiti ko ɗakin gwaji mai rajista ka nemi awon hawan jini, da gwajin kitsen jini cikakke wanda zai nuna LDL da sauran nau'o'in kitsen jini, wato HDL da tiraigilisarayid, da gwajin suga kafin cin abinci ko na HbA1c mai nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya, da gwajin ƙoda na jini da fitsari. Ka sami littafi guda ka riƙa rubuta sakamako da kwanan wata. Takardun asibiti ɓacewa suke yi.

A takardar kitse, idonka ya fara sauka kan LDL. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta shi da mg/dL, wasu da mmol/L. In na biyun ne, ninka shi sau 39 ka sami kusan na farkon. Inda ake son ya tsaya ya danganta da hatsarin da kake ciki. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, a jagorarta ta 2019, ta ce wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki, ko aka ga kitsen a hoto, ya sauko ƙasa da mg/dL 55. Mai babban hatsari, kamar wanda ya daɗe da ciwon suga ko mai ciwon ƙoda, ƙasa da 70. Mai matsakaicin hatsari, ƙasa da 100. Saboda haka lambar da ɗakin gwaji ya ce lafiya lau ce tana iya zama ta yi wa wani yawa.

In LDL ya kai 190, ko kuma mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, ka gaya wa likita. Akwai yawan kolestarol na gado da ke samun kusan mutum ɗaya cikin 250, kuma abinci kaɗai ba ya saukar da shi. In an same shi, sai a gwada 'ya'ya da 'yan'uwa. Akwai kuma wani nau'in kitse na gado mai suna Lp(a) wanda ya fi yawa a jinin baƙar fata. Sau ɗaya ake auna shi a rayuwa, in ana yi a inda kake.

Wani kuskure da ake yawan yi: mutum ya yi ECG, aka ce lafiya, sai ya ɗauka jijiyoyinsa a buɗe suke. ECG wutar zuciya yake karantawa, ba ya ganin kitse. Masu ganinsa su ne hoton CT na jijiyoyin zuciya da hoton jijiyar wuya, kuma likita ne zai ce ko kana buƙata. Yawancin mutane za su iya fara gyara ba tare da su ba.

Ka kuma ɗauko igiya ka auna tsawonka, ka naɗe ta biyu, ka zagaya cikinka daidai cibiya. In ba ta haɗu ba, tumbin ya yi yawa.

Mataki na biyu: taba

Babu ragi a nan. Sigari ɗaya a rana ma yana ɗauke da kusan rabin hatsarin zuciya na mai shan ashirin. Shisha taba ce, ruwan tulun ba ya tace gubarta, tabar gari da ake shaƙa ko cusawa a baki ita ma nikotin ce. Ka sa rana, ka gaya wa iyali da 'yan majalisa, ka zubar da ragowar, ka nisanci inda ka saba sha na 'yan makonni. In ta ƙi, akwai cingam da filastar nikotin, ka tambayi likita. Shekara guda bayan bari, ƙarin hatsarin da taba ta ɗora wa zuciya yana raguwa da kusan rabi. Hayaƙin itacen girki a rufaffen ɗaki shi ma yana cutar da jijiya, a fito da murhu inda iska ke kaɗawa.

Mataki na uku: hawan jini

A wajenmu wannan ne babban ɓarawo. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne ya fi komai haddasa shanyewar ɓarin jiki a yankin. Ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa da masu yawan cin nama sun fi shiga hatsari.

Daga 140/90 ake cewa mutum yana da hawan jini; wanda yake da kitsen jijiya ko suga kuwa ana son ya dawo ƙasa da 130/80. In da hali ka sayi na'urar awo mai ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu. Ka zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ka ci goro ko ka sha kofi ko taba rabin awa kafin awo. Ka auna sau biyu, tsakaninsu minti ɗaya, safe da dare, kwana bakwai a jere, ka kai wa likita littafin. A awon gida, 135/85 ne iyaka.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da wanda ba ka gani. Dunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Uwargida ta sa gishiri, ta murtsuka dunƙule huɗu, ta ƙara farin magi, sannan maigida ya jawo yaji mai gishiri ya barbaɗa. Ga burodi, ga kilishi, ga ƙullin garin da ke cikin taliyar leda. Kanwa ma ta shiga lissafi, domin sinadarin sodiyam da ke sa gishiri ya tayar da jini shi ne a cikinta. Mai hawan jini ya yi hattara da kunun kanwa da jiƙon kanwa da ake sha don ciki.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a rage a tukunyar gida gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan. Wannan makon a cire dunƙule ɗaya, bayan mako biyu a sake cire ɗaya. A cike gurbin da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da daddawa da busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin biki ya dawo yana yi maka zartsi. In aka ware wa maigida tukunyarsa shi kaɗai, ba a wata guda ake komawa gidan jiya.

Zoɓo yana ɗan taimakawa. Wani bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010 ya ga kofi uku a rana ya sauke lambar sama da kusan 7 cikin mako shida. Amma zoɓo ne marar sukari, ba irin na ƙullin leda ba, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Yawancin masu hawan jini sai sun haɗa magani biyu. Binciken CREOLE na 2019, wanda Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Maganin nan ba na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Jini ya sauka ne saboda ƙwayar. In ka bari zai koma. Kuma ka kula da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a kemis don gajiya: suna tayar da jini, suna wahalar da ƙoda.

Mataki na huɗu: tukunya

Abin da ya fi tayar da LDL a abinci shi ne mai mai daskarewa. Ka gwada da idonka ranar sanyin hunturu: wanda ya yi barci a kwalba shi ne abin ragewa. Man shanu da kakiɗe da tozo da kitsen rago da man kwakwa suna sahun gaba. Manja kusan rabinsa irin wannan ne. Man gyaɗa da na riɗi da na waken suya da na zaitun kuwa nasu kaɗan ne.

Na san taɓa man shanu kamar taɓa mutunci ne. Tuwon dawa da miyar kuka ba man shanu, wani zai ce gara ya kwana da yunwa. Mutanen Karelia ta Arewa a ƙasar Finland ma haka suke da bota da madara mai kitse, kuma a farkon shekarun 1970 suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin Dakta Pekka Puska: a koma man tsirrai, a rage gishiri da taba, a ƙara ganye. Cikin shekara arba'in mutuwar magidanta ta ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ba sai ka yi bankwana da man shanu ba in lambobinka ba su yi muni ba. Ka mayar da shi ɗigon ƙamshi na ranar Juma'a, a daina kwarara ludayi kullum.

Ga yadda za ka sake kwanonka. Rabi ya zama ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabeji, gurji, yalo. Kwata ya zama hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, gero ko dawa ko acca ko alkama ko masara. Ragowar kwatan wake ne ko kifi ko kaza ba fata. Abincinmu na da ya riga ya san wannan lissafi: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambu mai ganye, faten wake, ɗanwake, alale. Sai dai a ja hannu wajen mai da magi.

Wake da kuɓewa suna da wani amfani na musamman. Yauƙin kuɓewa da irin harzar da ke cikin wake suna kama ruwan ɗaci a hanji su fita da shi, sai hanta ta jawo kolestarol daga jini don ta ƙera sabo. Ka ci wake sau huɗu ko biyar a mako. Gyaɗa cikin tafin hannu guda a rana, marar gishiri. Kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo irin titus da sardin, gasasshe ko a miya. Ƙwai guda a rana bai zama matsala ga yawancin mutane ba.

Jan nama a mayar da shi sau ɗaya ko biyu a mako, a yanke kitsen kafin dahuwa. A wurin mai tsire kuwa, ka san yadda ake yi: yana yanka yana haɗa maka da farin yana cewa nan daɗin yake. Ka ce masa zalla kake so. Ƙwaƙwalwa da kayan ciki su zama na jefi-jefi. Man suyar da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi a kasko, da botar shafa burodi mai tauri, da kayan fulawa na kanti, a rage su ƙwarai.

Sukari ya fi tayar da tiraigilisarayid da tumbi. Robar lemo ta rabin lita tana iya ɗauke da cokalin shayi 12 ko fiye, wanda shi ne iyakar yini gaba ɗaya. Ka tsaya ka kalli mai shayi yana haɗa maka kauri, ka ƙirga cokulan da kanka. Fura da nono abinci ne mai kyau har sai an zuba mata sukari da man shanu.

Gyaran abinci yana sauke LDL, amma ga mafi yawan mutane ba zai raba shi biyu ba. A ce naka 160 ne kuma ana son ya koma ƙasa da 70, zogale kaɗai ba zai kai ka ba.

Mataki na biyar: ƙwayar kitse

Magungunan da ake kira statin sun samo asali ne daga aikin wani masanin Japan, Akira Endo, wanda ya gano na farkonsu a jikin funfuna a shekarun 1970. Mai ƙin ƙwaya don yana son "na gargajiya" ya san da wannan. Suna rage kolestarol ɗin da hanta ke ƙerawa, sai hantar ta shiga kwashe LDL daga jini. A 1994 binciken 4S, a kan majinyata 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, ya nuna simvastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100.

Wanda ya taɓa bugun zuciya ko shanyewar jiki irin ta toshewa, da mai LDL 190 ko fiye, da yawancin masu suga da suka haura arba'in, duk suna cikin waɗanda ake bai wa. Atorvastatin miligiram 40 zuwa 80 ko rosuvastatin 20 zuwa 40 suna sauke LDL da rabi ko fiye. In bai kai inda ake so ba, a ƙara ezetimibe miligiram 10, wanda ke hana hanji tsotsar kolestarol. Allurai irin su evolocumab suna da ƙarfi amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu. Likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba, kuma ka duba lambar NAFDAC a kwalin.

Bayan mako 4 zuwa 12 a sake gwaji. Nan mutane ke faɗuwa: lamba ta yi kyau, sai a ce an warke a ajiye magani. Cikin 'yan makonni take komawa inda ta fito.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne ciwon tsoka. Yana faruwa, amma wani bincike a Ingila a 2020 mai suna SAMSON ya bai wa masu wannan ƙorafi ƙwayar gaske wani wata, ƙwayar da ba komai a cikinta wani wata, ba su san wace ce wace ba. Kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da ta gasken sun ji shi da ta bogin ma. In ka ji ciwo, ka koma a sauya maka iri ko a rage. In ciwon ya yi tsanani, jiki ya mutu, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ka dakata ka je asibiti a ranar. Mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa ta gaya wa likita kafin ta fara. Ka faɗi duk maganin da kake sha, domin clarithromycin da wasu magungunan HIV ba sa jituwa da wasu statin, simvastatin kuma ba a wuce miligiram 20 in ana haɗa shi da amlodipine.

Asfirin ƙarami, miligiram 75, na waɗanda aka riga aka tabbatar suna da ciwon ne. Lafiyayye ya riƙa sha don rigakafi yana iya jawo wa kansa zubar jini a ciki, musamman tsoho ko mai gyambon ciki.

Mataki na shida: ƙafa

A 1953 Dakta Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas na Landan da kwandastocinsu masu hawa da sauka a benen mota duk yini. Bugun zuciya a kwandastoci kusan rabin na direbobi ne. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kujera ce.

Abin da ake nema minti 150 ne a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Ma'auninta: kana iya magana, amma doguwar aya ba za ta fita da numfashi ɗaya ba. In ka daɗe ba ka motsa ba, fara da minti goma, ka ƙara biyar kowane mako. Bayan asuba ko bayan la'asar ya fi, saboda rana. Ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa, ka sauka daga adaidaita kafin ka kai. Matan da ba sa fita suna iya zagaya tsakar gida da agogo a hannu; shara da daka da sauri ma suna shiga lissafi. Sau biyu a mako a ɗan wahalar da tsoka: tashi da zama daga kujera sau goma, tura bango, ɗaga jarkar ruwa.

Wanda sha-raɓarsa ke ciwo in ya yi tafiya, ta lafa in ya tsaya, mai yiwuwa jijiyoyin ƙafarsa ne suka ƙuntata. Bayan likita ya duba, maganin tafiyar ce dai: ka yi har ciwon ya matsa, ka huta, ka ci gaba, sau uku a mako na wata uku. Amma wanda ƙirjinsa ke riƙewa ko numfashi ke yanke masa in ya yi ƙoƙari, ya ga likita kafin ya fara komai. Magidanci kuma ya sani raunin gaba yakan riga ciwon zuciya da 'yan shekaru, don jijiyoyin wurin sun fi siranta. Maimakon mai maganin maza na tasha, a je a auna jini da suga.

Mataki na bakwai: suga, tumbi da barci

Suga kafin cin abinci daga mg/dL 126, ko HbA1c daga 6.5, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne. Wani babban bincike a Amurka a 2002 ya nuna masu wannan gargaɗi da suka nufi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida ke nan da ɗoriya. Barci awa bakwai zuwa takwas. In matarka ta ce kana minshari har numfashi ya ɗauke ka farka a firgice, ka faɗa wa likita. Yana cikin abin da ke hana hawan jini jin magani.

Kafin azumi da wata ɗaya ko biyu ka je a tsara maka lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, ko mai suga da ke hawa da sauka, ya ji ta bakin likita ko zai iya ɗauka. Kuma a tuna teburin buɗa-baki mai ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai yana iya rushe aikin wata shida.

Haɗin tafarnuwar maƙwabcin kawu kuwa, na ce ya bai wa gwaggo ta zuba kayan a miya. Ba a taɓa nuna ya narkar da kitsen jijiya ba, khal da lemon tsami a kan yunwa kuma suna tayar da gyambon ciki. Haka ma ƙarin ruwan "wankin jini" da wasu ke tallatawa: babban binciken TACT2 na 2024 bai ga amfaninsa ba. Hatta bututun ƙarfe da ake sa wa a jijiya, binciken COURAGE na 2007 da ISCHEMIA na 2019 sun nuna ga mai ciwon da ya lafa bai fi magani da gyaran rayuwa hana mutuwa ba, sai dai yana rage ciwon ƙirji. A lokacin bugun zuciya ne yake ceton rai.

In abin ya zo

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhu, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, da zufa mai sanyi, ya wuce 'yan mintuna: asibiti nan take. Mata da tsofaffi da masu suga wani lokaci gajiya ce kawai da haki da tashin zuciya, ko zafi a saman ciki da za a ce olsa ce. Kada mai ciwon ya tuƙa mota. In asfirin ba ya yi masa illa kuma ba ya zubar jini, ya tauna miligiram 300 a hanya.

In kuwa baki ne ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada a ba da asfirin, kada a ɗura ruwa ko rubutu a baki, domin yana iya zama jijiya ce ta fashe, kuma haɗiya ma tana iya gagara. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, saboda allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. A yi addu'a a cikin mota. Tun yau ka bincika wane asibiti ne kusa da ku ke yin ECG da hoton ƙwaƙwalwa cikin dare, ka rubuta sunansa a bangon littafin lambobinka tare da lambar maƙwabci mai mota.